Babi na Shida: Ƙiyasi da Ƙofar Kuka

Ba hannu da hannu aka ba kawuna takardar ba. Da ya dawo daga sallar La'asar ya tarar an liƙa ta a jikin ƙyauren zaure, iska har ta ɗage mata gefe ɗaya. Ya ɓamɓare ta a hankali don kada ta yage, ya linke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba. A nan ta kwana uku kafin na zo garin. Kawu yana karanta ajami kamar ruwa, amma a boko lambobi kawai yake ganewa, kuma lambar da ya gani a ƙasan takardar ta isa ta hana shi barci.

Gidan nasa yana wani gari a kudancin Katsina, a bakin titi. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti aka rufa kwano, a gaba kuma ya fitar da shaguna uku tun zamanin da auduga ke da daraja. Takardar ta ce gida ne mai shaguna uku da ɗakunan haya biyar, a biya kaza cikin kwana kaza, in ba haka ba a garƙame. A ganina wanda ya rubuta bai yi ƙarya da gangan ba. Ya tsaya a titi ya ƙirga ƙofofin shago, uku ne. Ya leƙa tsakar gida ya ga igiyar shanya cike da kayan yara, ga murhu huɗu kowanne da tukunyarsa a kai, ya ce wannan gidan haya ne. Abin da bai tambaya ba shi ne su wane ne masu murhun. 'Yan'uwanmu ne da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan da ke kewaye da 'Yargoje ta Ƙanƙara da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Babu mai biyan ko sisi a cikinsu, hasali ma kawu ne ke auna musu masara daga rumbunsa. Shagunan kuwa ɗaya ne a buɗe, wani tela ke ciki. Biyun an daɗe da kwashe kaya, kwaɗon ƙofarsu har ya yi tsatsa.

Na karanta masa, na fassara. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To ɗana, wa za mu samu ya roƙa mana su?"

Na ce, "Kawu, ba roƙo za mu yi ba. Kuskure aka yi, za mu nuna musu."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Hukuma ce fa. Ana nuna wa hukuma kuskure?"

Wannan tambaya ce ta haifi wannan babi. Kawu ba matsoraci ba ne, mutum ne da ya taɓa bin sawun shanunsa da aka kora har cikin daji. Amma duk tsawon rayuwarsa hanya uku ya sani da talaka ke bi in an ɗora masa kuɗin da ya fi ƙarfinsa. Ko ya nemi babban mutum ya sa masa baki, ko ya cusa wa ma'aikaci wani abu a hannu, ko ya ɓuya har ƙura ta lafa. Ta huɗun, wato ya tsaya ya ce ƙiyasin nan ba daidai ba ne, ga hujjata, a sake, ba ta cikin lissafinsa. Na juya takardar gaba da baya, na ga ba ta cikin lissafin waɗanda suka buga ta su ma. Akwai adadi, akwai wa'adi, akwai gargaɗi. Babu layi ɗaya da ya ce in ba ka yarda ba ga inda za ka je.

Duk wani haraji na gida ko na gona a kan ƙiyasi yake tsaye. Albashin ma'aikaci a rubuce yake, ba a gardama a kansa. Gida kuwa ba ya faɗin kuɗinsa, gona ba ta faɗin damin da za ta ba da. Dole sai wani ya zo ya duba ya yanke, kuma wannan wanin ɗan Adam ne, yana gajiya, yana sauri, rana tana dukansa, wani lokaci ma an ce masa kada ya dawo ofis da ƙasa da kaza. Saboda haka duk inda aka kafa ƙiyasi da niyyar adalci, sai an kafa masa ƙofar kuka a gefe.

Mu Musulmi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Bayan buɗe Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar gonakin dabino a hannun Yahudawan garin a kan rabin amfanin, ya riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha ya ƙiyasta dabinon tun yana bisa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa in Abdullahi ya gama ƙiyasi sai ya ba su zaɓi, ko su riƙe dabinon su biya rabin abin da ya faɗa, ko su bar masa shi ya biya su rabin. A dubi hikimar da ke nan. Mai ƙiyasi ya ɗaure kansa da bakinsa, domin in ya zuga adadi shi zai kwana a ciki. A nan ne kuma aka ruwaito sun tara masa kayan adon matansu don ya sassauta, ya ƙi karɓa. An kuma ruwaito umarnin cewa mai ƙiyasin zakka ya bar wa mai gona sulusi ko rubu'i bai lissafa ba, saboda abin da tsuntsu zai ci, da wanda iska za ta kaɗe, da wanda za a ba baƙo da maƙwabci. Sayyidina Umar, da ya tura Usman ɗan Hunaifu da Huzaifa ɗan Yamani su auna ƙasar Iraƙi su yanka mata haraji, kwanaki kaɗan kafin a soke shi yana tsare su da tambaya ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. A ƙasarmu kuma, cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, kuɗaɗen da ake ɗora wa mutane ba bisa Shari'a ba.

To ina wannan gado ya tafi, har kawu ya kai tsufa bai san ana mayar wa mai ƙiyasi magana ba? Amsar tana cikin shekaru saba'in da wani abu da talakan ƙasar Katsina ya yi yana biyan harajin En'e.

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Sun tarar da kuɗaɗe iri-iri, kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangali, da na masu sana'a kamar kuɗin karofi na marina. Gwamna Lugga ya ga wannan ya yi masa rassa, ya so a dunƙule su su zama abu guda, a biya da kuɗin Bature ba da wuri ko dami ba. Dokarsa ta 1906 ce ta shimfiɗa tsarin. A shekarar ce kuma Muhammadu Dikko ya hau gadon sarautar Katsina, kuma shi da Baturen mulki Palmer ne suka fara gwada baitulmalin En'e a Katsina kafin ya bazu sauran masarautu. A farkon lamari raba kuɗin ake yi biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e. Daga cikin rabin nan ake biyan sarki da hakimi da alƙali da dogari. Wato duk wanda talaka zai kai wa kuka a kan haraji, daga harajin yake cin tuwo.

Hanyar ƙiyasin da ta fi yaɗuwa ita ce ta dunƙule. Bature ya fito rangadi, ya zaga gunduma, ya ƙirga gidaje da rumbuna da dabbobi, ya auna wasu gonaki ya ɗora sauran a kansu, ya yanke wa gundumar jimla. Hakimi, kamar Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa da dattawa su raba wa magidanta. A wasu sassa na lardin Kano, wanda Katsina ke cikinsa a wancan lokaci, an gwada wata hanya da ake kira taki. Malaman taki su bi gona da ƙafa suna ƙirga taku, tsawo da faɗi, a fitar da girmanta a yanka mata kuɗi. A takarda wannan ya fi adalci, domin kowa da gwargwadon gonarsa. A cikin gona kuwa, takun malami yakan yi tsawo ko ya gajarce gwargwadon abin da aka ajiye masa a masauki, kuma taki ba ya bambanta jigawar da ta gaji da fadamar da ke ba da rake.

Inda tsarin dunƙule ya fi ciwo shi ne jimlar ba ta sauka da sauƙi. In mutum ya mutu, ko ya tafi cin rani bai dawo ba, ko ya yi ƙaura, sau da yawa sunansa yana nan a littafi, kuma ƙauye ne zai cike gurbinsa. Ana karɓa da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, sai magidanci ya sayar da dami uku don biyan abin da dami ɗaya zai biya da bazara, sannan in damina ta yi tsakiya ya koma ya sayo hatsin da tsada ko ya ci bashi. Masanin nan Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ya yi bincike, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda wannan tsari ya rage wa manomi abin da yake ajiyewa don baƙar shekara, har yunwar Kakalaba ta 1914 da ta 'Yar Buhu ta 1927 suka same shi rumbu ba nauyi. Dattawanmu ba su buƙatar littafi a kan wannan. Suna ba da labarin wanda aka shanya a rana a ƙofar dagaci, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da yadda rasit ɗin haraji ya zama takardar tafiya, in babu shi a aljihu ba ka ƙetare tasha lafiya.

An ce akwai hanyar kuka, kuma a rubuce akwai. Talaka yana iya faɗa wa Di'o in ya zo rangadi. Amma a dubi yadda zaman yake. Di'o yana kan kujera a inuwar barikin, hakimi yana gefensa, dagacin da ya yi rabon yana zaune a ƙasa kusa, dogarai suna tsaye, maganar kuma sai ta bi ta bakin tafinta. Gobe Bature zai hau dokinsa ya wuce, kai kuwa a garin za ka kwana, kuma baɗi wannan dagacin ne zai sake rabo. Wa zai miƙe? Wanda ya miƙe an san sunan da ake ba shi, mai tsaurin ido. A nan ne aka koya wa kakanninmu cewa gardama da ƙiyasi rashin kunya ne, roƙo kuwa ladabi ne, kuma darasin ya shiga jini.

Inda babu ƙofa, mutane katanga suke fasawa. A watan Nuwamba na 1929, a Oloko ta ƙasar Ibo, wani ɗan aiken basarake Okugo ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa zai ƙirga mutane da awaki. Daga cacar bakinsu tarzomar matan Aba ta tashi, aka harbe mata fiye da 50. A Arewa fushin ya bi ta siyasa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta sami kunnen talakan ƙauye ne da maganar haraji da jangali da aikin tilas, kuma da yawa daga 'ya'yanta sun sha ɗauri a kan haka. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk a jihar Kaduna suke a lokacin, domin sai ranar 23 ga Satumba 1987 aka yanke jihar Katsina. Na sha jin tsofaffi suna ambaton wannan sokewa kamar yadda ake ambaton saukar ruwa bayan fari, kuma sun yi gaskiya.

Sai dai akwai abin da ya rage ba a yi ba, kuma yau muna ganin gurbinsa. An kawar da mugun haraji, amma ba a taɓa koya wa talaka yadda ake zama da haraji mai ƙa'ida ba, wanda za ka san dalilinsa, ka san ma'auninsa, ka san inda za ka ƙi shi. Kuɗin man fetur ya rufe maganar shekaru da yawa. Yanzu da jihohi da ƙananan hukumomi suka koma neman kuɗin shiga na cikin gida, haraji yana dawowa da sababbin sunaye, kuɗin gida, kuɗin shago, kuɗin fili, ya tarar da mutanen da har yanzu roƙo kawai suka gada. Kaduna da Kano sun kafa hukumomin da ke ɗaukar hoton filaye da gidaje daga sama suna zuba su a kwamfuta, wasu jihohin suna bin sahu. Wannan shi ne takin zamaninmu, kuma ya fi ƙafar malami daidaito nesa ba kusa ba. Amma hoton sama kwano yake gani. Ba ya ganin ko 'yan haya ne a ƙarƙashinsa ko 'yan gudun hijira.

Doka kuwa ba ta bar mai gida hannu sake ba, ko da yake mutane kaɗan ne suka san haka. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ƙiyasin gidajen mutane cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma ya ce kuɗin da za a ɗora sai wanda majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. Ke nan ba a yanka kuɗin gida da ka, kuma mai gida yana da damar ya tambaya wace doka aka dogara da ita. Wannan magana ta taɓa kaiwa Kotun Ƙoli daga nan Arewa. Gwamnatin jihar Kano ta ba kamfanin Knight, Frank and Rutley kwangilar ƙiyasta gidajen birni don karɓar kuɗin gida, daga baya aka yi rigima a kan kwangilar, kuma a 1998 kotun ta yanke cewa aikin na ƙananan hukumomi ne, jiha ba ta da hurumin ba da shi. A shekarar ce kuma gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 21, wadda ta jera harajin da tarayya za ta karɓa da na jiha da na ƙaramar hukuma, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Kuɗin fili da mai takardar mallaka ta gwamna ke biya wa jiha abu ne daban, tushensa dokar filaye ta 1978.

Ma'aunin kuɗin gida a al'adar dokokinmu shi ne abin da gidan zai kawo in an ba da shi haya a shekara, sai a ɗauki wani kaso a ciki. A nan hujjar mai gida take. Ba kyan fenti ake biya wa ba, ba kuma yawan ƙofofi ba, abin da wurin zai iya samarwa ne a halin da garin ke ciki yau. A Legas, inda aka haɗa kuɗin gida da na fili wuri ɗaya tun 2001, dokar ta kafa kotun musamman ta sauraron masu ƙin ƙiyasi. Da aka sake dokar a 2018 kuɗin ya yi tsalle, lauyoyi da 'yan kasuwa suka fito, cikin 'yan makonni gwamnatin Ambode ta zabge rabin na gidajen kasuwanci, a 2020 kuma aka sake wata dokar. Ga harajin tarayya da na kuɗin shigar mutum akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, reshenta na Arewa maso Yamma yana Kaduna, kuma wa'adin da aka saba bayarwa na rubuta ƙin yarda kwana 30 ne daga ranar da takarda ta same ka. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun ƙara da ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke nan tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ta ko kwabo. Duk waɗannan ƙofofi ne. Aibinsu a birni suke, da Turanci suke magana, kuma ba a rubuta adireshinsu a takardar da ake liƙa wa mutum a zaure.

Yanzu mu koma 'Yargoje, domin a can ne wannan magana ta wuce ta kuɗi. Garin yana ƙaramar hukumar Ƙanƙara, a yankin da ƙasa ke ba da masara da dawa da auduga da waken soya ba tare da an roƙe ta ba. A 2021, saboda tsananin ta'adi, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Kafin nan, a watan Disamba na 2020, an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Yuni na 2024 'yan bindiga suka far wa 'Yargoje da dare, suka kashe mutane fiye da 20, suka tafi da mata da yara. Wanda zai ƙiyasta hayar shago a wannan yanki da ma'aunin shekarun da motocin hatsi ke jerin gwano a kan hanyar, bai ƙiyasta shagon da ke gabansa ba, wani shago ya ƙiyasta da ya daɗe da mutuwa.

Kuma mutanen wannan yanki sun riga sun san wani mai ƙiyasin. A ƙauyuka da yawa na Katsina da Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga suna yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin a yi girbi. Abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne yadda tsarinsu ya yi kama da na dunƙule. Saƙo ya zo cewa garinku kaza ne, nan da rana kaza. Mai gari da dattawa su zauna su raba wa magidanta, mai shanu kaza, mai jaki kaza, gwauruwa a ɗauke mata in an iya. Wanda ya gudu, sauran su cike gurbinsa. Ana aika dattijo ya roƙi ragi, wani lokaci a rage, wani lokaci a ƙara don an roƙa. Ɗaya daga cikin matan da ke gidan kawu ta ba ni labarin yadda ta kwance ɗan kunnen 'yarta ta jefa a ƙwaryar da ake zagawa da ita, aka haɗa aka kai, bayan wata biyu kuma aka zo aka ƙone garin. Mutanen ƙauye da bakinsu suke kiran wannan kuɗi haraji.

Saboda haka nake ganin hukumar da za ta kai takardar biya wannan yanki tana ɗauke da nauyin da ta Legas ba ta ɗauke da shi. Dole ta nuna wa mutum, a aikace, inda ta bambanta da na daji. Shi ma adadi yake yankawa, shi ma wa'adi yake bayarwa, shi ma gargaɗi yake yi. Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne ya zauna ka kawo hujja, ya duba, ya ce ka fi ni gaskiya, na janye. In hukuma ta kasa yin wannan, kada ta yi mamaki in talaka ya sa takardarta da saƙon daji a kwando ɗaya. Ni ba na cikin masu cewa kada a biya haraji. Asibitin da aka kai waɗanda aka harba, da malamin da ke koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira, da man motar jami'an tsaro, duk kuɗi ne ke riƙe da su, kuma al'ummar da ba ta biya ba ta da bakin tambaya. Amma a karɓa da ma'auni, kuma a saurari wanda ma'aunin ya zalunta.

Ga yadda muka yi da ta kawu. A daren nan muka zauna a zaure da fitila, na rubuta wasiƙa gajera da Hausa, na kuma yi ta da Turanci. Ba mu sa zagi ba, ba mu sa magiya ba. Muka faɗi lambar takardar da ranar da aka liƙa ta, muka ce ba mu yarda da ƙiyasin ba saboda dalili biyu, ɗakunan ba na haya ba ne kuma shaguna biyu a rufe suke, muka nemi a gaya mana dokar da aka dogara da ita, a kuma turo a sake dubawa. Da safe na ɗauki hoton kwaɗunan nan masu tsatsa da waya. Telan ya kawo littafin da yake rubuta kuɗin hayar da yake biya. Mai unguwa ya zo da kansa, ya karanta, ya ce shi ne ma ya raka biyu daga cikin iyalan gidan ranar da suka iso, ya sa hannu. Kawu ya so a jira wani Alhaji da ya san manya ya dawo daga tafiya. Na ce wa'adi ba ya jiran Alhaji, in ya wuce ƙiyasin ya zauna ke nan, ko mai gaskiya sai ya sha wuya kafin a sake buɗe maganarsa.

Muka je ofis da kwafi biyu. Ma'aikacin da muka tarar, saurayi ne sa'an ƙanena, ya miƙe ya ba kawu kujera. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ce, "Baba, tun da na fara aiki a nan ba a taɓa kawo mini irin wannan a rubuce ba. Zuwa ake yi da mutum." Na roƙe shi ya buga hatimi a kwafinmu ya rubuta kwanan wata, ya yi. Kuɗin shago ɗayan da babu gardama a kansa muka biya a take, muka karɓi rasit na hukuma mai lamba, domin kada a ce kuka muke fakewa da shi mu ƙi biya. Bayan kwana tara wani babba da shi ya zo gidan. Ya yi sallama a zaure, aka yi masa iso, ya shiga ya ga murhun nan huɗu da idonsa, ya tambayi matan daga ina suke. Da suka faɗi sunayen ƙauyukansu bai ƙara wata tambaya ba. Ya zauna a tabarmar kawu ya soke ɗakunan haya biyar da shaguna biyu, ya sa hannu a gefe, ya ce, "Allah ya saka maka, Baba. Allah ya mayar da su gida lafiya."

Ba kowa zai dace da irin waɗannan ma'aikata ba, kuma bai kamata haƙƙin mutum ya rataya a kan dace ba. Shi ya sa nake kira ga ciyamomi da kansilolin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da 'yan majalisar jiha da ke wakiltarsu, su sa a buga a bayan kowace takardar biya, da Hausar boko da ajami, dokar da aka dogara da ita, da yadda aka kai ga adadin, da kwanakin da mutum ke da su na ƙin yarda, da ofishin da zai kai kukansa, wanda ba na mai ƙiyasin ba. Su kuma rubuta a doka cewa gidan da ya sauki waɗanda aka kora daga garuruwansu ba gidan haya ba ne. Kai kuma mai karatu, in an liƙa irin wannan takarda a ƙofarka ko ta wani dattijo a unguwarku, duba kwanan watan da ke jikinta tun a ranar, rubuta ƙin yardarka kwafi biyu, ka kai kafin wa'adi ya cika, kuma kada ka baro ofishin sai an buga hatimi a naka.